Ƙaunar Allah Marar Sharaɗi: Ruwan da Ke Riga Manomi Isa Fadama

Ƙaunar Allah marar sharaɗi ita ce tushen koyarwar Kirista, a kanta kuma ake ɗora duk abin da mai bi yake yi, tun daga addu'ar asuba har zuwa yadda yake auna hatsi a kasuwa. Abin da ake nufi da ita shi ne, Allah ne ya fara ƙaunar mutum, tun mutum bai roƙa ba, bai cancanta ba, bai ma san ana yi ba. Manzo Bulus ya kafa hujjar wannan a sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, inda ya nuna cewa Almasihu ya ba da ransa ne a lokacin da mutane ke tsundum cikin zunubi, ba a jira sun gyaru ba. Wasiƙar Yohanna ta fari, a sura ta 4, ta ɗora a kai da cewa duk ƙaunar da mai bi yake nunawa amsa ce ga wadda aka riga aka nuna masa.

Hausa tana da kalmomi biyu da ke taimakawa wajen rarrabe al'amarin. So yakan bi abin da ido ya gani ko abin da zuciya ke kwaɗayi, shi ya sa ake cewa so duka so ne, amma son kai ya fi. Ƙauna kuwa ta fi nauyi, domin tana ɗauke da nufin alheri ga wani ko da babu abin da za a samu a wurinsa. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kalmar da ya fi amfani da ita a kan wannan batu kuwa ita ce agape. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da aka buga a 1932, wadda Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi da abokan aikinsa, ƙauna ce ta zauna a gurbin wannan kalma, ita ce kuma har yau ake ji a bakin masu wa'azi da 'yan zumuntar mata daga Wusasa har Maraɗi. Koyarwar ta girmi Sabon Alkawari. A sura ta 7 ta Maimaitawar Shari'a an tuna wa Isra'ila cewa zaɓen da aka yi musu bai rataya a kan yawansu ba. Dalilinsa yana can wurin Allah.

Mutumin ƙasar Haɗeja ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan, domin yana ganin misalinsa kowace shekara. Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, kuma a 2008 aka sa dausayinta cikin jerin Ramsar, wato wuraren ruwa da duniya ta yarda da muhimmancinsu. Daminar yankin gajeriya ce. Abin da ke rayar da fadama ruwa ne da ya sauka can nesa, a tuddan kudanci da yammacin Kano, ya biyo kogin Kano da na Challawa, ya wuce Wudil da Ringim, sannan ya iso a tsakiyar damina ya malale ƙasa. Manomin da ya fito da sassafe ya tarar ruwa ya kwanta a fadamar shinkafarsa bai haƙa wannan kogi ba, bai ga hadarin da ya zubar da ruwan ba, bai biya ko kwabo ba. Ruwan kuma bai tsaya tambayar ko gonar mutumin kirki ce ko ta ɓarawon awaki ba. Amma da isowarsa sai aiki ya tashi. Masunta su ɗauko gora da koma, mata su hura wutar banda, makiyaya su jira janyewarsa don shanu su sami ɗanyar ciyawa, masu noman rani su shirya irin alkama da barkono da albasa.

Haka tsarin yake a rayuwar Kirista: ƙauna ta iso da fari, aiki ya biyo bayanta. Babu manomin da ke shuka shinkafa don ya jawo kogi, yana shukawa ne domin kogin ya zo. Agustin na Hippo, malamin ikilisiya da ya rayu a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya kuma rasu a shekara ta 430, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana kare wannan batu, cewa alherin Allah ne ke riga nufin mutum motsawa, kuma abin da mutum yake ƙauna shi ke jan ragamar rayuwarsa. Yawancin kurakuran da manya ke gani 'ya'yansu maza da mata suna maimaitawa daga juya wannan tsari suke fitowa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, saboda haka ya dace a jera su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne ciniki da Allah, irin na ba ni gishiri in ba ka manda. Akan ga saurayi ya yi azumin kwana uku, ya juye ɗan abin da ya tara a kwandon baiko, yana jiran sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Sakamako ya fito ba yadda ya so ba, sai a neme shi a ƙungiyar mawaƙa a rasa. Wanda ya zauna da shi zai ji yana cewa ya yi nasa, Allah ne bai yi nasa ba. Wa'azin da ke yawo a waya, mai alkawarin mota da biza ga duk wanda ya aika kuɗi, yana ƙara hura wannan wuta. Azumi da baiko da zakka abubuwa ne masu kyau, amma godiya ce, ba kuɗin sayen kaya ba. Yesu ya ba da misali a sura ta 20 ta Matiyu, na mai gonar inabi da ya ɗauki 'yan ƙwadago tun da sassafe, ya ɗauki wasu gab da faɗuwar rana, ya kuma biya kowa dinari guda. Waɗanda suka yi gunaguni su ne masu lissafi. Ɗan da ya san gidan na ubansa ne yakan yi noma fiye da ɗan ƙwadago, kuma ba ya ajiye fartanya don an yi shekarar fari.

Na biyu ya fi na farko haɗari, shi ne fid da rai bayan faɗuwa. Hausa ta sa wa wannan hali suna mai nauyi: yanke ƙauna. Wanda ya yanke ƙauna kamar mutum ne da ya faɗa rijiya, aka zura masa igiya, ya sa wuƙa ya datse ta saboda kunyar waɗanda ke sama. Yarinyar da ta yi ciki a gida, ko yaron da ya taɓa kuɗin zumuntar matasa, sau da yawa abin da ke hallaka su shi ne gudun da ke biyo bayan laifin. Yarinya ta shiga hannun mai zubar da ciki a ɓoye, yaro ya hau mota zuwa Kano ko Legas ya ɓace, iyaye su tsufa suna duban hanya. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma uban da ke cikin sura ta 15 ta Luka bai bi wannan ƙa'ida ba. Ɗansa ya karɓi gadonsa, ya lalatar a wata ƙasa, ya ƙare a kiwon aladu, ya dawo da shirin roƙon a ɗauke shi bara. Uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa a guje, ya rungume shi tun bai buɗe baki ba. A dare ɗaya Yahuza da Bitrus suka ci amanar Ubangijinsu. Ɗaya ya yanke ƙauna ya hallaka kansa, ɗayan ya yi kuka mai zafi ya zauna cikin 'yan'uwa, kuma a sura ta 21 ta Yohanna shi aka damƙa wa kiwon tumaki.

A nan ne ya kamata a fahimci horon ikilisiya. In dattawa suka dakatar da mutum daga jibin Ubangiji, ya koma bencin baya na ɗan lokaci, manufar ita ce gyara, kamar ɗorin karaya: akwai zafi, amma don ƙafar ta sake taka ƙasa ake yi. Yarinyar da ta daure ta zo sujada kowace Lahadi, ta zauna a wannan benci da mayafinta a sunkuye, ta fi wadda ta gudu ƙarfin hali nesa ba kusa ba. Ikilisiyar da ta san aikinta kuma takan sa wata uwa daga zumuntar mata ta zauna kusa da ita, ta raka ta awo, ta riƙe mata jariri ranar da aka maido ta. Hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar.

Na uku kishiyar na biyu ne: ɗaukar ƙaunar Allah a matsayin izinin yin abin da rai ke so, tunda dai gafara na nan. Bulus ya hango wannan tunani, ya kuma rushe shi a farkon sura ta 6 ta Romawa. Rashin sharaɗi yana nufin ba a sayen ƙaunar, ba ya nufin babu ruwanta da halin mutum. Uwa tana ƙaunar ɗanta kafin ya iya komai, wannan ƙaunar ce kuma ke sa ta fizge garwashi daga hannunsa. Allah yana gafarta zunubi, amma abin da aka shuka yakan tsiro. Matashin da ya saba da Tramol ko kodin zai sami gafara ran da ya tuba, sai dai ƙwaƙwalwa da shekarun karatun da suka salwanta ba sa dawowa a rana ɗaya. Wanda cacar ƙwallo ta waya ta cinye masa jarin kifi, shi ma sai ya biya bashin da ya ci. Fadamar da ruwa ya shiga aka ƙi nomawa ba ta zama haka nan, ciyawa ce ke gaje ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu shi ne neman daraja a bakin mutane. Wanda bai tabbata ana ƙaunarsa ba yakan bi ƙofa ƙofa yana bara, ya auna kansa da yawan waɗanda suka yaba hotonsa a Facebook, ko da irin wayar da ke hannun abokinsa. Mafi yawan abin da ke kai 'yan mata ga nadama magana ɗaya ce daga bakin saurayi: in tana sonsa ta nuna masa. Duk son da ya zo da irin wannan sharaɗi ya riga ya tona asirin kansa. 'Yar da ta san darajarta tabbatacciya ce tun a gicciye tana iya cewa a'a ba tare da fargabar za ta rasa kowa ba. Haka ma saurayi, in ya san wannan, ba zai mai da 'yar mutane abin gwada bajinta ba. Sura ta 13 ta Korintiyawa ta fari, wadda ake yawan karantawa ranar ɗaurin aure, ta fi amfani kafin ranar, domin ma'auni ce da za a ɗora mai neman aure a kai: a duba haƙurinsa, a duba yadda yake yi in an ɓata masa rai, a duba ko yana ajiye laifi a ciki.

Na biyar shi ne ɗaukar wahala a matsayin shaidar cewa Allah ya juya baya. Kogin da ke rayar da Haɗeja shi ne kuma wani lokaci ke zuwa da ɓarna. A daminar 2022 ambaliya ta cinye gonaki, ta rushe gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, har da yankin Haɗeja, iyalai da yawa suka koma kwana a makarantu. A irin wannan lokaci zuciya takan tambaya wane laifi aka yi. Abokan Ayuba sun yi wannan lissafi, a ƙarshen littafin kuma Allah ya tsawata musu. Almajirai sun yi shi a kan mutumin da aka haifa makaho, a sura ta 9 ta Yohanna, Yesu ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa. Addinin da alamarsa gicciye ce bai taɓa yi wa kowa alkawarin rayuwa marar ƙunci ba. Abin da ƙarshen sura ta 8 ta Romawa ya tabbatar shi ne, yunwa da tsanani da mutuwa kanta ba su da ikon shiga tsakanin mai bi da wannan ƙauna. Matashin da ya riƙe wannan yakan yi kuka kamar kowa, sannan ya tashi ya nemi iri.

Na shida ya shafi maƙwabci. Kiristoci tsiraru ne a ƙasar Haɗeja, cikinsu akwai 'yan kasuwa, ma'aikata, ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima, da Hausawan da ake kira Masihiyawa. Wanda ke cikin tsiraru yakan gamu da maganar da ke sosa rai, wani lokaci har da rashin adalci, kuma abu ne mai sauƙi zuciya ta daskare, a koma ƙaunar na gida kaɗai. Sura ta 5 ta Matiyu ta toshe wannan hanya da misalin rana da ruwan sama, waɗanda Allah ke bai wa kowa ba tare da tantancewa ba. A sura ta 10 ta Luka kuma, wanda ya tsaya ya ɗaure raunukan mutumin da 'yan fashi suka yasar Basamariye ne, mutumin wata kabila da wani tafarkin ibada. Neman haƙƙi ta hanyar doka bai saɓa wa ƙauna ba, riƙo da ramuwa ne suka saɓa mata. Ran da ruwa ya yi barazanar fasa jinga, masu jera buhunan yashi cikin dare ba sa tambayar juna addini, kuma wannan shi ne wurin da ya dace a ga matashin Kirista. Maƙwabci Musulmi da ya yi rashi a je masa ta'aziyya, in ya yi suna a taya shi murna, in ya ba da amana a mayar masa da ita cif.

Tarihin arewa yana da shaidar abin da wannan ƙauna ke haifarwa in an bar ta ta gudana. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan, wanda arewa ke cikinsa. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, amma aikin da suka fara ya zama mishan ɗin SIM, wanda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinsa a 1954. A ƙasar Jigawa ta yau SIM ta yi tashoshi a wurare irin su Roni da Garun Gabas. Tun a shekarun 1930 ta ɗauki nauyin kula da masu cutar kuturta a manyan sansanoni, waɗanda aka fi sani da su su ne Yadakunya kusa da Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A lokacin babu magani mai warkarwa da sauri, aikin kuwa shi ne wanke gyambo da ɗaure shi, yau da gobe, ga mutanen da wasunsu danginsu ma sun ƙaurace musu. Asibitin idonta na Kano ya buɗe a 1943, asibitinta na Galmi a Nijar a 1950, kuma har yau mafi yawan masu zuwa waɗannan wurare ba Kiristoci ba ne. Da yawa cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin yau da kullum 'yan ƙasa ne, wasunsu tsofaffin majinyata da suka warke suka zauna suna jinyar wasu. Ma'aunin irin wannan hidima ɗaya ne: a ba mara lafiya magani ko ya saurari wa'azi ko bai saurara ba. Alherin da aka ɗaura wa ƙugiya tarko ne, kifi ma ya san bambancin.

Daga nan ake gane manufar rayuwa. Matasa da yawa suna jiran wani babban kira, suna ganin sai an zama fasto ko mai bishara ake bauta wa Allah. Wanda aka ƙaunace shi kyauta an riga an ba shi aiki, wato ya zama hanyar da ƙaunar za ta bi ta isa ga wani, ko a aji yake, ko a shagon ɗinki, ko a ɗakin haihuwa, ko a kasuwar kifi ta Haɗeja. Dausayin ya koyar da wannan ma. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kachala ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa. Inda ta toshe, ruwa yakan taru ya lalata gonakin da ke kusa, ƙauyukan da ke gaba kuma su zauna da ƙishi. Shi ya sa mutane ke yin gayya, su shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje suna sara, don hanya ta buɗe. Riƙo, hassada, girman kai da son kuɗi su ne kachalar zuciya. Ba su hana Allah ƙauna, amma suna hana ta wucewa, kuma mai zuciyar ne ke fara cutuwa.

Hanyoyin share wannan magudana sanannu ne, babu sabo a cikinsu. Akwai karatun Littafi Mai Tsarki kowace rana, ko da 'yan ayoyi ne, da addu'ar da ke farawa da godiya kafin roƙo. Akwai furta laifi da wuri ga Allah da kuma wanda aka ɓata wa, tun tsagar bango ba ta isa ƙadangare ya shiga ba. Akwai jibin Ubangiji, inda kowa ke miƙa hannu wofi ya karɓa, babba da yaro, mai kuɗi da talaka. Akwai zumunta da 'yan'uwa, da samun dattijo ko uwa guda da za a iya gaya wa gaskiya ba tare da tsoro ba. Akwai kuma hidima ga wanda ba zai iya ramawa ba, kamar tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa ko almajirin da ke kwance da zazzaɓi a bakin titi. Ba a yin ko ɗaya daga cikinsu don a jawo ƙaunar Allah; ana yi ne don a sha daga wadda ta riga ta iso, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗa ko 'yar da suka riƙe wannan tsari za su yi aiki ba da fargaba ba, in sun faɗi za su san hanyar gida, kuma maƙwabtansu za su sami rabo a cikin abin da aka ba su.